Kofi Bayan Awa Takwas

Awa takwas na cika, mai gidan burodin ya zari katin ma'aikaciyarsa mai adon kek ya buga mata tashi a na'urar lissafin awannin aiki, kamar kullum. Sannan ya nuna kek ɗin bikin da ba ta gama yi wa ado ba.

"Haba 'yar'uwa, ƙarasa mana. Ai mun zama ɗaya."

A dokar Kalifoniya, duk awar da ta haura takwas kuɗin awa ɗaya da rabi ake biya. Shekara da shekaru wannan zumuncin ke cinye mata kuɗin waɗannan awannin.

Ta cire rigar aiki, ta fito ta zauna a teburin masu ciniki, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Maigida, kofi ɗaya. Ban da sukari."

"Wasa kike yi?"

"Ni da na tashi daga aiki? Ciniki na kawo maka."

Motar dangin amarya ta tsaya a ƙofa. Ya dubi kek ɗin, ya dubi hannayensa da ba su taɓa zana fure ba.

Kofi ya iso da zafinsa. A gefen faranti, inda ake ajiye biskit, katinta ne, an sake buga mata shiga.