Sandar Ikilima

Da la'asar Shafi'u ya shigo zauren gidan su Ikilima a Wurno. Idonsa bai sauka kan fuskar wadda yake neman aure ba, sai kan sandar da ke jingine da gwiwarta.

"Gwaggona Hassana ta taso daga Rara, tana tafe ta gan ki." Ya murza hularsa. "Ko za ki aje wagga sanda bayan ƙofa? Na yau kaɗai."

Ikilima ta dube shi. Tun da likitoci a Sakkwato suka ce ciwonta MS ne, mai cin jijiyoyi, ƙafarta ta hagu ke yi mata gardama: yau ta ɗauke ta, gobe ta ƙi. Ta sha kuka a ɗaki har kukan ya ishe ta. Sandar ma Shafi'u ne ya sassaƙa mata da hannunsa.

"Mi kac ce?"

"In ta gani za ta kai ma Baba labari, a fasa."

"To ran da ƙafata taƙ ƙi tashi cikin gidanku fa? Ni za ka aje bayan ƙofa?"

Ya buɗe baki, sai ga sallamar Gwaggo daga waje.

Ikilima ta dogara sandar ta miƙe.

"Ni da sandata za mu gaishe ta. In kunya kake ji, ga bayan ƙofa nan, ba kowa."

Ta wuce shi tana buga sandar a daɓe da ƙarfi, don Gwaggo ta ji kafin ta gani.