Masassaƙin da Ya Yi wa Jirgi Ban-Ruwa

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, a kasuwar kifi ta bakin tafki, aka fara zaluntar wani tsohon masassaƙi. Laifinsa ɗaya ne: ya sassaƙa jirgin da ya fi ƙarfin tunanin garinsu. Itacen maɗaci bakwai jirgin ya ci. Kwale-kwale shida ake ɗorawa a kansa a jere, ga murhun banda a tsakiya, ga randunan ruwan sha, ga rumfar da mutum zai miƙe ƙafa. In zai tashi sai ƙarti goma sha biyu sun sa gora, kowanne kuwa da cikinsa ya zo. Wata huɗu a shekara yana jingine ana cusa masa tsumma ana shafa masa kwalta, don ba ya rabuwa da yoyo. Tsohon bai taɓa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma ran nan Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya miƙe ya ce, "Jama'a, tun da aka tura wannan abu ruwa, wa ya taɓa ganin ya kama ko tarwaɗa ɗaya?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Wata mai suyar kifi ta ɗaga matsami ta ce, "Ai Ci-ma-kwance ke nan!" Sunan ya manne. Aka taru aka jawo jirgin kan tudu, aka yanke cewa in damina ta kama za a faskara shi a yi makamashi.

Gaskiya ne jirgin bai taɓa jefa koma ba, don ba aikinsa ba ne. Aikinsa ya kai ƙananan kwale-kwalen inda dantsen matuƙi ba zai kai su ba, ya tsaya a tsakiyar ruwa ya zama musu gaɓa. Tsohon ya buɗe baki zai faɗi haka, dariya ta danne muryarsa. Sai ya koma ga abin da ya sani: katakon da ya saba da ruwa, in rana ta buge shi kwana arba'in, tsagewa yake yi, tsagar da kwalta ba ta rufewa. Ya lulluɓe jirgin da tsofaffin zana. Kullum da safe ya ɗauki tulu, ya gangara tafki, ya hauro, ya kwarara wa katakon, sawu ashirin ba fashi. Masu wucewa suka samu abin yi. "Baba, yaushe zai yi tsiro? In ya yi 'ya'ya a sam mana iri!" Gwiwarsa ta kumbura. Matarsa ta ce ya bar wa Allah, ya ce ai da sunan Allah yake ɗaukar tulun. Haka ya yi wata biyar.

Damina ta yi jinkiri. Tafki ya ja da baya, kifi ya bi zurfi, tafiyar kwana biyu da tuƙi. Ƙananan kwale-kwale suka je, suka kama, amma kafin su iso gida kifin ya ruɓe, sai a zubar wa ungulu. Kaskon mai suya ya yi tsatsa. Wata safiya tsohon yana haurowa da tulu ya hangi masunta sun kewaye jirgin, ya ɗauka ranar faskare ce ta zo. Da ya matso sai ya ga igiyoyi ne a hannunsu, ba gatura ba. Aka ja jirgin aka tura shi ruwa. Jirgin da ya yi wata biyar a tudu ya zauna bisa ruwa kamar agwagwa, ba abin da ya shiga sai ɗan yoyonsa na gado. Kwana goma sha takwas ya yi a tsakiyar tafki. Ƙananan su watse da safe kamar tattabaru, su komo da la'asar su juye, hayaƙin banda na tashi. Ɓarayin taru da ke zuwa daga ƙetare suka hangi hayaƙin, suka sake hanya, ba a ko ɗaga musu sanda ba. Ran da jirgin ya dawo, shaƙe da banda har baki, maroƙi ya wasa Sarkin Ruwa da hangen nesa. Tsohon yana can baya, dafe da gwiwa. Aka aika masa da kifi biyu a faifai.

To, kai da kake jin labarin manyan jiragen ruwan yaƙi masu ɗauke da jiragen sama a gadon bayansu, kana cewa ga tsada, ga dubban bakunan ciyarwa, ga yawan kwanciya a wurin gyara, duk ka yi gaskiya, amma tambayar Sarkin Ruwa kake maimaitawa. Ba a auna uwa da kifin da ta kama da hannunta. A duba inda ta kai 'ya'yanta, da inda suka samu sauka, da wanda ya hango ta ya fasa zuwa.

Batun tsohon nan kuwa bai mutu ba. Kifi biyu ba ban-haƙuri ba ne. A kasuwa aka ci mutuncinsa, ranar Laraba, da hantsi. To, abin da ya dace shi ne, a wannan kasuwar, ranar Laraba, da hantsi, Sarkin Ruwa ya miƙe tsaye kamar yadda ya miƙe ran nan, ya ce, "Baba, mun yi kuskure, ka yafe mana." Mai suya ta janye sunan da bakinta. Sannan kowa ya koma gida ya riƙe abin da magabata suka faɗa: ajiya maganin wata rana.