Aljihun Kofur

Ana idar da sallar azahar yara shida suka jeru a zauren Kofur Nata'ala da ke Koki, kamar sababbin kurata. Sani, babbansu, ya shimfiɗa tabarma. Wani ya kawo matashi, biyu suka riƙe mafitai, ɗaya ya tsaya bakin ƙofa yana korar awaki. Uwa, 'yar autar gidan mai shekara biyar, aikinta ta ɗora yatsa a leɓe tana hana kowa tari.

Kofur ya dube su, ransa ya yi fari tas. Huɗu nasa ne, biyu na ƙanensa, kuma har makon jiya babu wanda ke runtsawa a gidan nan saboda ihunsu. Ga shi yanzu horon soja ya kama su. Dama ya sha faɗa wa mutanen unguwa, yaro tsari yake so.

Shekara uku ke nan da ya dawo daga yaƙin Kamaru da ɗingishi a ƙafar hagu da wata libarba da ya tsinta a fagen fama. Yanzu gadin buhunan gyaɗa yake yi a tashar jirgi, ya kwana ido biyu, ya rama da rana. Dokar Nasara ta hana irinsa riƙe irin wannan bindiga, don haka ba ta ratayuwa a bango, ba ta bayuwa ajiya. Mazauninta aljihun babbar rigarsa, cike da harsashi shida. Kowace Juma'a yakan buɗe ta, ya goge da mai, ya mayar.

Ran nan Alhamis ce. Bai kai ga kwanciya ba sai ga matarsa Dije a ƙofar cikin gida, hannu a ƙugu.

"Malam, yau dai a yi ta ta ƙare. Ko abin nan ya bar gidan nan, ko in kwashi 'ya'yana mu tafi Sheshe wurin Gwaggo."

"Wane abu?"

"Wanda ke jan wuyan rigarka kamar ka saci gudumar maƙeri."

Kofur ya kori yaran zuwa tsakar gida. Suka fita suna jan ƙafa, suna waiwayen tabarma.

"To a ina kike so in ajiye ta?" in ji shi. "A ƙarƙashin gado? Ko a adaka? Yaran da suka tono nakiyar da kika ɓoye a gindin jeren tukwane? Duk birnin Kano babu ma'ajiyar da ta kai aljihun nan. A kan ƙirjina yake, Dije. Ni da na yi wata da watanni a rami, ganye ya faɗi in farka."

"Kai ɗin? Kai da ake jin minsharinka daga Ƙofar Dawanau?"

Wannan ta yi masa zafi fiye da zancen yaji. Amma ya san Dije: in ta ce za ta tafi, kafin la'asar ta ɗaure kaya. Sai ya ga gara ya yi mata darasi irin na bariki, ta gane tsoronta na rashin sani ne. Ya zaro libarbar, ya juya bakinta ga bango.

"Matso ki gani. Bindiga ba maciji ba ce, ba ta sara don kanta. Sai an ja wannan kunamar, wannan ƙarfen ya daki gindin harsashi, sannan ta tashi. Ni kuwa tun da na dawo ban taɓa jan ta ba, ko sau ɗaya."

Ya ɓalle ta, ya zazzage harsasan a tafin hannunsa, ya ɗaga ɗaya zuwa hasken ƙofa don ta ga yadda gindinsa yake sumul.

Ba sumul yake ba. A tsakiyarsa akwai ɗan rami kamar an danna tsinin allura.

Kofur ya san wannan alama. Ya gan ta a Kamaru, a harsasan da damina ta jiƙa: a ja kunama, ƙarfe ya daka, a ji ƙas, shi ke nan. Ya ɗaga na biyu. Rami. Na uku, na huɗu, na biyar, duk da raminsu. Tsofaffin da ya dawo da su ke nan, ashe sanyin daji ya daɗe da kashe su.

Na shida kaɗai ne sumul. Shi ne kuma sabo, wanda wani abokinsa na bariki ya ba shi bara don ya cike gurbi, kuma shi ne ke biye a layi.

Ranar Juma'a da idonsa ya duba, babu harsashin da ke da ko ƙwarzane.

"Malam, lafiya? Ka yi shiru."

Kofur ya shiga lalube a zuciyarsa: abokin gadinsa ne? Ai ba ya kusantarsa ko taku goma. Dije? Ga ta nan ko kallon abin ba ta iya yi. Bai taɓa tuɓe rigar a wani wuri ba, bai taɓa ara wa kowa ba, bindigar ba ta taɓa kwana nesa da bugun zuciyarsa ba.

Sai ya ji ana jan hannun rigarsa. Uwa ce, riƙe da mafici, ta kumbura baki kamar za ta yi kuka.

"Baba, ka yi barci mana. Su Yaya Sani duk sun yi nasu, yau ni ce zan harbe su."