Hatimin Gidan Nagamine

Kajiwara ya ajiye takardun a kan tebur, ya danne su da tafin hannu.

"Gobe da safe za su tafi maɗaba'a, Nagamine-san. Duba sunanka kawai, kada a ce mun ci maka harafi."

Littafin tarihin ƙungiyarsu ta masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa ne, na cika shekara hamsin. Kajiwara, sakataren ƙungiyar, ya yi wata takwas yana haɗa shi, kuma bai bar komai ba. Ya rubuta yadda mutum shida suka fara taruwa a saman shagon mai gyaran keke a 1974, da shekarar da rufi ya yi yoyo ya narkar musu da tsaunin takarda, har da rigimar faɗin layin dogo da ta sa dattawa biyu suka yi shekara tara ba sa ga maciji.

Tsarinsu bai taɓa canzawa ba. Kowa zai gina nasa yankin a gida a kan allon katako guda, ranar baje koli a jera allunan a haɗa, jirgi ya ratsa su duka. Wanda ya gama allo sai ya kifa shi ya buga hatiminsa da jan tawada. Hatimi kuwa sunan gida kaɗai yake ɗauke da shi. Shi ya sa a wannan karon Kajiwara ya dage sai an rubuta cikakken sunan kowa a ƙasan hoton aikinsa.

Allo goma sha ɗaya ne ke ɗauke da hatimin Nagamine, kuma su ne abin taƙamar ƙungiyar. Akwai gadar ƙarfen da aka nuna a talabijin. Akwai tashar bakin teku, wadda masu tallan kifinta ba su fi ƙwayar shinkafa girma ba, amma kowace da launin ɗankwalinta. A ƙasan kowane hoto an rubuta: Nagamine Shozo.

Shozo ya gyara tabarau da kauraran yatsunsa.

"Kai dai ɗan rowa ne," in ji Kajiwara yana dariya. "Shekara arba'in ba ka taɓa bari mun ga hannunka a kan aiki ba. Ko fitila ce ta mutu, sai ka rungumi allo ka ce sai ka je gida. Tsoron kada mu sace sirri, ko?"

Shozo bai yi dariya ba. Hankalinsa na kan ɗakin aikin da ke gidansa, wanda bai buɗe ba tun da matarsa Tokie ta rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin bai kawo ko ƙusa ba. 'Yan ƙungiya suka ce baƙin ciki ne, suka ƙyale shi.

Baƙin cikin gaskiya ne, amma kunyar ta fi shi ciwo. Kowace Asabar da Lahadi na zaman aurensu, ƙofar ɗakin nan a rufe take, shi a gefe guda, ita a ɗaya gefen. Ranar baje koli ta tashi da wuri ta dunƙula shinkafar mutum ashirin, ta tsaya can baya tare da sauran matan aure, shi kuwa yana gaba yana sunkuyawa ana tafa masa. A lokacin dokar ƙungiya ba ta karɓar mata.

Da aka soke dokar a 1998, Tokie ta yi masa magana sau ɗaya tak. Tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba.

"Maigida, yanzu fa?"

"Bari dai sai baɗi," ya ce.

Ba ta sake tambaya ba. Shi ma bai sake ɗauko zancen ba, har ranar da aka kai tokar gawarta haikali.

"Na sa hotonta a shafi na arba'in," Kajiwara ya ce, ya ɗan rage murya. "Cikin matan da suka yi haƙuri da haukarmu. Kai, baiwar Allah nan ta sha zaman kaɗaici."

Shozo ya buɗe shafin. Ga ta a layin baya, kafaɗar wani ta rufe rabin fuskarta. Kowa na kallon mai hoto, ita kuwa idonta na kan gadar.

Ya miƙa hannu. "Ara min alƙalami."

Ya koma hoton farko ya ja layi a kan "Shozo", ya rubuta "Tokie". Ya juya shafi ya sake. Ya huda takarda a wuri biyu, amma bai tsaya ba sai da ya gama duka goma sha ɗayan.

Kajiwara ya tura masa hankici, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Haba, tsoho. Na gane, wallahi na gane. Amma sadaukarwa a shafin farko ake sa ta. Nan wurin sunan wanda ya yi aikin ne."

"Na sani," in ji Shozo. "Ni duk shekarun nan, shayi kawai nake kai mata ɗakin."