Jan Agogon Ranar Lahadi

Gwadabe ya ja ƙofar ɗakin famfo ya rufe saboda feshin ruwan sama, ya zauna kan bokiti kusa da bakin kwata, ya buɗe wasan ces, darar Turawa mai doki da sarauniya da sojoji, a wayarsa.

Ranar Lahadi su biyu kaɗai ake bari a masana'antar jimar fata da ke Challawa. Shi yana kula da famfo, Isyaku, ƙanin matarsa Rakiya, yana can baya yana kwashe dattin ramin ruwan jima. Kowa ya san ramin nan. Iskarsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta taɓa kwantar da ƙato ko ihu bai yi ba.

Shi ya sa suke wasan. Manhajar tana da doka: wanda ya daɗe bai motsa ba, sai ta kunna masa jan agogo, in ya ƙare ta yanke wasan, ta ce ya gudu. 'Yan ces na tsine wa dokar, su kuwa ita ce ƙararrawarsu. Duk wanda ya ga an yanke wasa, ya ruga wajen ɗan'uwansa.

Gwadabe ya ɗora yatsa kan dokinsa ya ja, ya jingina da bango yana jira. Yau ma warin bai dame shi ba, tun ɗazu ya daina jinsa. Kansa ne dai ya yi nauyi, ya ɗora laifin kan tuwon rana.

Allon bai canza ba.

Isyaku ba ya jinkiri. Yaro ne mai rawar kai, ko sarauniyarsa za a ci sai ya yi wuf ya tura soja. Gwadabe ya murza idanunsa da ke yaji ya sake dubawa. Jan agogo ya fito, yana ƙirgawa ƙasa.

Shi ya nema wa yaron aikin nan, shi ya rantse wa Rakiya cewa ba abin da zai same shi. Da wane baki zai shiga gida?

"Motsa mana, Isyaku," ya ce da wayar. "Don Allah ka motsa."

Lambobin suka riƙa rabuwa biyu a idonsa. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Tsoro ne, ya gaya wa kansa, tsoro ne ya kashe masa jiki. Ya hango yaron kife a bakin rami, waya a cikin laka. Ya buɗe baki zai yi salati, harshen ya yi masa nauyi.

Wayar ta yi ƙara. An yanke wasa.

Yana rarrafe wajen ƙofa ya ji gudu a cikin ruwa. Aka banko ƙofar da ƙafa. Isyaku ne, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙiyar riga.

"Ka fito?" in ji Gwadabe da ƙyar. "Alhamdu lillahi, ka..."

"Yi shiru, Yaya! Kar ka ja numfashi!"

Ya kama shi ta hammata ya ja shi waje cikin ruwan sama. Gwadabe ya yi ta kelaya amai, wayar na hannunsa har yanzu. Da ganinsa ya washe, ya dubi allon. Dokinsa na nan a gidansa, bai taɓa gusawa ba, a ƙasa kuma an rubuta cewa Isyaku ya yi nasara, abokin karawarsa ya bar wasa.

Tun farko agogon Gwadabe ne ke ƙirgawa, iskar ramin ta biyo kwata ta cika ɗakin da ya rufe kansa a ciki.