Japananci na Usta Gharib

Tun da Baba ya rasu babu mai fassara mana fim a gidan shayin Mu'allim Dahshan. Talabijin tana nan a kan firji, bidiyon ma lafiyarsa lau. Muryar ce babu.

Sunana Fathi, guga nake yi a Port Sa'id, karatuna bai wuce firamare ba. Amma mahaifina, Usta Gharib, kowa a unguwa ya san ya yi shekaru a Japan yana aikin jirgin ruwa. Ina ƙarami ya tafi. Ya dawo a rame, kai a aske, ba tsarabar komai sai akwati ɗaya na kasakasan finafinan zane irin na can, waɗanda ba a juya zuwa Larabci ba.

Duk Juma'a bayan la'asar ake sa ɗaya. Magidanta masu furfura su cika wurin, Baba ya zauna kusa da talabijin, a rage sauti, ya fara.

Shi ke yanke hukuncin fim ɗin da ya cancanci kallo. Na Amurka ba sa burge shi. Ya ce halittu su keto taurari dubu, su rasa wurin sauka sai Amurka, alhali ga Masar da dalarta ta dutse a fili? Na matsafa kuwa, cewa yake mutum da sandar tsafi a hannu amma bai iya sama wa kansa abincin rana ba. Wanda ya yarda da shi guda ne, na wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da wani saurayi ke tuƙawa daga cikin ƙoƙon kansa.

Daga bakin Baba muka san labarin. Saurayin ɗan halas ne, ɗan kasuwancinsa yake tsakanin taurari don ya riƙe uwarsa. Yarinyar da ke manne masa ƙanwarsa ce. Abin da suke sha ruwan rake ne. Masu ƙahon nan kuma da ke tare shi a hanya 'yan kwastan ne na sararin sama. In suka fito, Baba har miƙewa yake yana zaginsu da Japananci. Ranar da suka kulle saurayin a kurkuku, hoton bai yi minti biyu ba, amma Baba ya sa aka tsayar da kaset, ya yi ta bayanin yadda mutum huɗu ke raba bargo ɗaya, har Mu'allim Dahshan ya share hawaye da tsumman tebur.

Kaset na ƙarshe ne bai taɓa sawa ba. In mun zo kansa sai ya ce zukatanmu ba su nuna ba tukuna, a koma farko. Haka har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar arba'in dattawa suka ce mamaci ba zai so a bar aiki rabi ba. Aka kira Basim, ɗan mai kantin magani, wanda ya karanto Japananci a jami'a a Alƙahira. Ya zo da ladabi, ya ƙi zama a kujerar Baba, ya fara a tsaye.

Ba a yi nisa ba wurin ya fara tafasa. A fassararsa yarinyar budurwar saurayin ce. Ruwan raken giya ne. Uwar da muka yi shekaru muna tausaya wa shugabar sojoji ce, ba ta haifi kowa ba.

“To 'yan kwastan fa?” in ji Mu'allim Dahshan.

“Baffa, wallahi ba a ambaci kwastan ko sau ɗaya ba.”

“Ɗana, kai a takarda ka koya. Usta kuwa kwano ɗaya ya ci da mutanen Japan.”

Aka kashe bidiyo, aka raka Basim bakin ƙofa da shawarar ya koma a mayar wa ubansa kuɗin makaranta. Da a nan aka tsaya da na yi barci lafiya. Sai Sabri wanzami, wanda bai taɓa yafe wa Baba kujerar gaba ba, ya kurɓi shayi ya ce shi dai bai ce komai ba, amma mutumin da ya yi shekaru a ƙasar da ake ƙera kyamara, a ce ko hoto ɗaya bai ɗauka ba?

Na ga mutum biyu sun sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Na miƙe, na kama gashin bakina a gaban jama'a, na rantse Juma'a mai zuwa zan kawo shaidar zaman ubana a Japan, in ban kawo ba Sabri ya aske shi tas da hannunsa. A wurinmu wanda aka yi wa wannan askin ba ya sake ɗaga murya a gidan shayi.

Na tarar da Inna tana yanka lalo. Na gaya mata duk abin da ya faru, na ce ta fito min da ko mene ne, hoto, ko riga, ko sunan jirgin. Ba ta ɗago ba. Ta tambaya ko da gaske na rantse, na ce da gaske. Ta ajiye wuƙar, ta daɗe tana kallon gashin bakin nan nawa kamar mai ban kwana da shi.

“Japan?” ta ce. “Ni da nake kai masa abinci gidan yari a motar haya duk ranar ziyara?”

Jibi ne Juma'a. Ku taya ni addu'a, Allah ya jiƙan Usta Gharib, ya ɗauke hankalin Sabri wanzami, ya kuma yafe wa 'yan kwastan da suka kama Baba da buhun kasakasai a hanyar Iskandariyya, suka kai shi Japan ɗin da ba a shiga jirgi. Ku ce amin.