Jami'in da Ba Ya Gajiya

Ƙaton kwalin da aka rubuta "Zakaran Gasa" yana jingine a bayan firji, har ya fara lanƙwashewa. A gida kuwa tun ranar gasar ba a sake kiran Auta da sunanta ba, sai Injiniya.

Ita da abokan karatunta biyu suka ci gasar ƙirƙirar manhaja, da wata 'yar dabara ta rage wa ofisoshi cunkoso. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Cibiyar da ta shirya gasar ta karɓi kwafin aikin "don nazari", ta yi alkawarin jari da ɗakin aiki. Shiru kake ji.

Abokan suka gaji, kowa ya kama gabansa. Baba ya ce, "Injiniya, in zangon nan ya ƙare ba labari, ki rufe kwamfutar nan ki koma kantin yayanki."

Abin da ya riƙe ta shi ne jami'in tallafi na cibiyar. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma bawan Allahn nan akwai kirki. Duk sa'ar da ta tura saƙo a waya, kafin ta ajiye ya amsa: "Sannu da ƙoƙari. Batunki yana kan tebur, ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba." Ta taɓa zazzaga masa masifa, ya ba ta haƙuri har ta ji kunya. Maganarsa ma irin tata ce sak, shi ya sa ta ji jininsu ya haɗu.

Ranar da Yaya ya aiko mata da makullin kanti, ta ce yau kam sai ta ga mutumin nan ido da ido.

Ofishin tsit, kujerun jira duk sun yi ƙura. Sakatariya tana yankan farce.

"Wajen jami'in tallafi na zo."

"Wane jami'i? Ai tun bayan gasa aka sallame shi." Ta ɗago, ta ƙare mata kallo, sai ta washe baki. "Laa, ke ce ta hoton nan! Wallahi kun iya aiki. Tun da muka ɗora manhajarku tana amsa wa masu neman tallafi, ba wanda ya sake tako ƙafa nan sai ke."